Dambun Gayyar Daji

Ni mai baki ce, ban taɓa musu ba. Tun ina yarinya a Batsari mahaifiyata take cewa da ana sayen surutu a kasuwa da tuni na gina mata ɗakin siminti. Da aure ya kai ni wani ƙaramin ƙauye tsakanin Darini da Yasore, na tafi da akwatina, da ɗan karatun da na samu, da kuma bakin nan. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanensa suna nan da ransu, kuma wahalar da suke ciki ba ta ƙare ba.

Abin da nake taƙama da shi a garin shi ne makarantata. In an yi la'asar sai in shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, matan aure su shigo da goyonsu da allunansu. Ina koya musu tsarki da sallah, da ɗan boko yadda mace za ta iya karanta sunan maganin da aka ba ɗanta. Rabin lokacin karatu ne, rabin kuwa hira, kuma a hirar nan ne ake kawo mini ƙarar miji da ta suruka da ta ciwon baya. 'Ya'yana mata sun yi aure nesa. Mijina kuwa mutanen daji sun tare shi a hanya yana dawowa daga kasuwar Batsari a kan babur, gawarsa aka kawo mini. Bayan na fita takaba, ban da wannan makaranta ba ni da wani abin da ke tashe ni da safe. In na yi magana ana saurare, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Ɗalibata ta farko aminiyata ce. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma shekara ɗaya aka kawo mu garin muna amare. Tare muka koyi dakan garin, tare muka yi wa surukanmu dariya a ɓoye. Ranar da aka kawo gawar mijina ita ta riƙe ni, ita ta dafa abin da na ci har na gama takaba. Kowa a garin Malama yake ce mini, ita kaɗai ke ce mini ƙawa. Mijinta ƙanin mai unguwa ne, shi ake aika duk inda mai unguwa ba ya son zuwa da kansa.

Da abin ya ishi kowa, an kwashe shanu, an hana noma, mazan garin suka yi sulhu da mutanen daji. Sharaɗin shi ne za a bar mu mu noma gonakinmu, mu kuma mu noma wa ubangidansu wata ƙatuwar gona da ya kama a bakin daji. Ranar da za a je, sai mai shela ya zaga gari yana cewa gobe akwai gayya.

Wannan kalmar ce ta fi ƙona mini rai. Gayya a wurinmu abin zumunci ne. Maƙwabcinka aiki ya yi masa yawa, ya gayyaci jama'a, a taru da hauyoyi a yi masa noma rana ɗaya ana kiɗa ana zolaya, shi kuma ya ciyar da mutane. Wanda bai samu zuwa ba ya ba da haƙuri, shi ke nan. To wace irin gayya ce mai gona ke tsaye a kanka da bindiga, kuma kai za ka zo da abincinka? Na faɗi haka a makaranta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ban zagi mazan da ke zuwa ba, na san ba da son ransu ba ne. Abin da na ce shi ne a kira abin da sunansa, bauta ce, kuma mu mata kada mu sa hannu, don duk abin da aka miƙa wa azzalumi da fara'a gobe zai nemi wanda ya fi shi. Na ce ni dai hannuna ba zai taɓa yi wa gonar nan aiki ba. Na rantse ma, don in na hau magana ba na sanin inda zan sauka.

Matan sukan sunkuyar da kai. Na ɗauka yarda ce.

Wata safiya lokacin maimai, wato noma na biyu, ina shara sai ga aminiyata ta shigo ko sallamar kirki babu. Idanunta sun yi ja. Ta durƙusa a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ƙawa, don girman Allah ki rufa mamu asiri."

Na ce, "Lahiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Mutanen nan sun aiko. Sun ce gayyar gobe kowane gida sai ya sa hannu, ko namiji da hauya ko mace da abinci. Sun ce za su duba kwanuka gida-gida. In aka rasa na gida ɗaya, gari duka ne zai amsa."

Na ce mata ta san abin da na faɗa, kuma ta san wanda suka kashe mini.

"Na sani, wallahi na sani. Ba don su za ki yi ba. Mazanmu ne za su ci, su da za su wuni cikin rana. Ƙanin mijinki ma yana ciki. Ƙawa, ki dubi ɗiyan garin nan. In suka shigo saboda gidanki, mi za ki ce ma Allah?"

Ta kama ƙafata tana kuka. Ni kuwa kukanta ban taɓa iya jure shi ba. Na wuni ina juya maganar, na ga rantsuwata a gefe ɗaya, rayukan mutane a ɗaya gefen. Kaffarar rantsuwa na san yadda ake yin ta, amma ban san yadda ake mayar da ran da aka kashe ba. Washegari da sassafe na hura wuta.

Dambu na yi, na tsakin masara da zogale. Ina turara shi ina tsine wa gonar da mai gonar, da ƙarfi, yadda duk mai wucewa ta bayan katanga zai ji. Duk da haka ban yi shi da ha'inci ba. Na sa ƙuli da albasa da mai yadda ya kamata, don na san bakin da zai ci. Da ya nuna na juye shi a wani bokitin roba mai murfi. Aminiyata ta shigo ɗauka, ta dubi bokitin ta girgiza kai.

"Haba ƙawa, a wanga? Ai sai su ce raini ne. Kuma in ba shaida ta ya za a san na gidanki ne? Ɗauko fantekarki."

Fanteka babban kwanon tasa ne da ake zuba abincin taro. A ƙauye kowace mace tana yi wa kwanukanta shaida, don in an yi biki ko suna an haɗa kaya, kowa ta gane nata. Wasu jan farce suke ɗigawa, wasu su karce gindin da ƙusa. Ni ragowar koren fentin da mijina ya shafa wa ƙofa na samu, na zagaye bakin fantekata da shi. Babu gidan da fantekar nan ba ta shiga ba, ko yaro ya gan ta ya san ta Malama ce. Na juye dambun a ciki, na ɗora mata a kai, ta fita.

Al'adarmu, in an kai abinci a kwanon mutum, washegari akan wanke shi a mayar masa, a ɗan zuba gyaɗa ko kuka a ciki don kada ya koma wayam. Fantekata ba ta dawo ba. Na tambaya, aminiyata ta ce tana gidan wance, za a kawo. Na sake tambaya, ta ce ta manta. Na bar maganar, don ni ma ba na ɗokin ganin ta.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai labari ya zo daga wajen Runka, can ƙasar Safana, cewa a wasu ƙauyuka mutanen daji sun fara neman mata su je roron wake a gonakinsu. Roron wake aikin mata ne, kuma gonar da mazanmu suka nome cike take da wake. Ba sai an yi wa mutum bayani ba.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan mai unguwa. Matan gari kaf suna tsakar gida, an ci an sha, ana ta hayaniya. Wata ta ɗauko zancen waken a hankali, kamar mai tsoron kada bango ya ji. Na ga dama ta samu. Na miƙe na ce mu haɗa baki tun yanzu, mu gaya wa mazanmu cewa duk abin da za a yi a yi, amma ƙafar mace ba za ta taka gonar nan ba. Na ce in muka faɗa tare tun kafin a tambaya, mai unguwa zai samu abin da zai kai musu. Na ga wasu suna gyaɗa kai, har wata tsohuwa ta ce gaskiya ne.

Sai aminiyata ta tashi ta shiga wani ɗaki. Ta fito riƙe da fantekata, ta ratso tsakiyar mata da ita a sama yadda kowa zai ga koren bakin, ta ajiye a gabana. Ba a ko wanke ta ba. Busasshen dambu na manne a gefe, ga jar ƙasar gona a gindinta.

"Malama, ga kwanonki, tun ranar gayya yake nema ya dawo gida. An ce a gode maki, dambu ya yi daɗi."

Wata ta fara dariya, sai sauran suka kama. Ba duka ba, amma da yawa. Daga baya na ji murya tana cewa, "Ashe ana yi, mu ake hanawa." Wata ta ce, "Munafunci dai ba kyau." Fuskar aminiyata kawai nake kallo, ina jira ta ce ita ta roƙe ni, ita ta kama ƙafata. Ta koma ta zauna ta karɓi jaririn sunan tana yi masa wasa. Na ɗauki fantekata na fita, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar makarantata ta fara zubewa. Wannan ta ce aikin gona ya yi yawa, waccan ta ce maigida ya hana. Waɗanda suka ci gaba da zuwa, in na kauce daga karatu na taɓa zancen daji, sai in ga suna satar kallon juna. Suna ma aka sa mini, Malama mai dambu.

Na zauna na tuhumi kaina sosai, don kalmar munafunci ba ƙarama ba ce a wurin wadda ke koya wa mutane addini. Abin da na sani, munafuki shi ne mai fuska biyu, wanda abin da ke bakinsa daban, na zuciyarsa daban, ya yi a ɓoye ya fito ya musa. Ni abin da na faɗa a kan tabarma shi na faɗa a bakin murhu. Ban ɓoye ba, da kwanon da kowa ya sani na aika. Amma kuma ba zan ce dambuna bai yi wa gonar aiki ba. Ya shiga cikin mutane, ya ba su ƙarfi, sun nome ciyawar wanda yaransa suka kashe mini miji. Hatsin da ni kaina nake ci a shekarar, albarkacin sulhun da nake zagi aka noma shi. Duk garin babu mai tsabtataccen hannu, har jaririn da ke shan nono. To in sai mai tsabtataccen hannu ne zai ce abu ba daidai ba ne, wa ya rage ya faɗa? Na ga cewa in an tilasta maka ɗaukar kaya, kana da ikon cewa kayan da nauyi. Wannan tunani ya ɗan kwantar mini da hankali, amma bai dawo mini da ɗaliba ko ɗaya ba.

Ƙanin mijina ne ya ƙarasa ni, ba da niyya ba. Ya kawo mini damin gero na farko daga gonar marigayi, muna gaisawa, sai na tambaye shi yadda mutanen daji suka duba kwanuka ranar nan. Ya dube ni da mamaki.

"Waɗanne kwanuka, Yaya?"

Na maimaita masa abin da aka gaya mini.

"Wallahi ba wanda ya duba komi. Su ina ruwansu da abin da muka ci? Kawunan maza suka duba, shi ke nan. Gidaje nawa ba su kai ko ruwa ba. Ni na yi mamaki ma da na ga fantekarki, na ce halan Yaya ta sauko."

Ban san lokacin da na zari hijabi ba. Na samu aminiyata tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ban gaishe ta ba. Na ce, "Ashe ƙarya kika yi mani?"

Ba ta musa ba. Ta ajiye rariya ta kakkaɓe hannu.

"Maganarki ta kai daji, ƙawa. An tambayi maigidana wace malama ce ke zuga mata. Mai unguwa ya ce a san yadda za a yi ki yi shiru."

Na ce, "Sai ki zo ki gaya mani haka. Ni ce fa."

"Da kin ji? Ke kin taɓa jin maganar wani? Kuma in gaya maki gaskiya, mun gaji. Kullum mu taso daga gidanki kamar mun yi sata. Ke ba ki da miji a gonar, ba ki da ɗa a gonar. Mu ke kwana da tsoro, ke kina zaune kina ba mu kunya. Yanzu kau duk ɗaya muke."

Na ce ba ni da miji a gonar don sun riga sun kashe shi. Ta kau da kai ta ɗauki rariyarta.

A cikin maganarta akwai gaskiya, na yarda. Wataƙila na matsa musu fiye da kima, wataƙila tsoron da take ji na gaske ne. Amma ba wannan ya yi mini ciwo ba. Ta san ba za a iya tsorata ni ba, ba za a iya saye ni ba, sai ta bi ta ƙofar da ita kaɗai ta san tana buɗe, wato tausayin da nake mata. Hawayen nan da na gani, da ƙafata da ta kama, duk da su aka haɗa mini tarko. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba tun mutuwar mijina. Muka daina magana, katanga ɗaya a tsakaninmu, ina jin dakanta tana jin nawa.

Da wake ya bushe saƙon ya iso, kamar yadda aka zata. Kowane gida mace ɗaya, da buhunta. Wannan karon ba ƙarya ba ne, mai shela ne ya faɗa.

Ana gobe za a tafi, da yamma, sai ga aminiyata a ƙofata. Ta rame. Ƙafa na damun ta, ga surukarta, matar ɗanta, da tsohon ciki, kuma dole ɗayansu ta je.

"Ki zo mu je wurin mai unguwa," in ji ta. "Ke ce mai baki. In kin yi magana ƙila a ɗaga ma mata."

Na so in rufe ƙofa a fuskarta, Allah ya sani. Amma yarinyar nan mai ciki ɗalibata ce, ni na koya mata alwala. Na sa hijabi muka tafi. Muka durƙusa a bakin zaure, dattawa na zaune, aka gaisa aka tambayi gida da gajiya. Na ce, "Allah shi taimaki mai unguwa, mun zo roƙo ne." Na yi magana a natse, ban ɗaga murya ba. Na ce a koma a roƙe su maza su yi roron, ko da zai ɗauki kwanaki. Na ce akwai masu ciki, akwai masu goyo, akwai 'yan mata, kuma duk wanda ke zauren ya san abin da ake tsoro.

Mai unguwa ya saurare ni har na gama. Sannan ya yi murmushi.

"Malama, ba ke ce kika aika masu da dambu ba? Wanda ya fara kai abinci ai ba shi zai hana kai buhu ba."

Dattawa suka yi 'yar dariya. Na juya na dubi aminiyata. Kalma kaɗan ta isa, ta ce ita ta yaudare ni, ga ma wanda ya sa ta yana zaune. Ta ƙura wa ƙasa ido, tana wasa da bakin hijabinta. Haka muka tashi, kowa ta kama hanyarta.

Babu wanda ya zo ya ce lallai in je. Ina iya rufe ɗaki in kwanta in ce zazzaɓi. Amma da gari ya waye na leƙa na ga matan da na koyar sun jeru a hanya, wasu ko shekara ba su yi da aure ba, fuskokinsu duk a tsorace. Na ga gara a ce akwai babbar mace mai ido a tsakiyarsu. Na ɗauki buhu na fita.

Yanzu ina zaune a Safana wurin yayana, kuma har yau ina juya abin da ya faru a bakin garin nan. Ranar akwai samari biyu na mutanen daji a kan babur da bindigogi can gaba suna jiran mu. Wani lokaci nakan ce wataƙila ceto na aminiyata ta yi da abin da ta faɗa a wurin, don kada su ɗauki maganata da nauyi. Nakan so in yarda da haka, sai dai na san muryarta in tana tsoro, na kuma san ta in tana neman a yi dariya.

Da muka zo wucewa ta gaban mazan garin da suka fito suna kallo, na tsaya. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce wannan zalunci ne, jiya zalunci ne, yau ma zalunci ne, kuma zuwana bai mayar da shi daidai ba. Wasu matan suka tsaya suka juyo. Na ga bakin wata yarinya ya motsa kamar za ta amsa.

Sai aminiyata, tana ɗingishi a gaba, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Ku rabu da ita ku taho. Ba ga buhunta nan a hannu ba?"

Aka yi dariya, gajeriya, irin ta masu tsoro. Yarinyar ta rufe bakinta, layi ya ci gaba da tafiya. Buhun kuwa yana hannuna. Na gyara riƙonsa na bi bayansu.